Yariman Laos da Rawanin Kakanku

Tun da kuka yi wayo kuke jin ana cewa ni ce na hana babanku hakimci. A gidan biki an faɗa, a gidan rasuwa an faɗa, har wata gwaggonku, wadda ba zan kama sunanta ba don tana raye kuma bakinta bai gaji ba, ta taɓa cewa a gabana wai daɗin Maleshiya na gani na ɗaure mata ɗan'uwa a gindina. Na yi shiru shekara da shekaru saboda babanku ba ya son a tayar da maganar. Yanzu gwiwa ta fara gardama, ido ya koma sai da gilashi, gara in rubuta muku yadda aka yi kafin in tafi da ita a ciki. Allah ne shaidata, babu wanda ya so ganin rawanin nan a kan babanku kamar ni. Wanda ya ja mana wani yarima ne na ƙasar Laos, mutumin da bai taɓa jin sunan garinmu ba, kuma ya daɗe a kabari kafin mu taka Kuala Lumpur.

Mun je can ne da babanku ya samu tallafin gwamnati ya yi digirin dokta a kan ginin gada. A lokacin furfura ta riga ta fara masa, ku kuma kuna ƙanana. Shi ne babban ɗan hakimi, amma mahaifiyarsa, Inna, 'yar manomi ce, ba ta da jinin sarauta ko na ɗigo. Baffanku Sani shi ke bi masa, uba ɗaya uwa kowa da tasa, kuma shi ne ya zauna a gida yana ɗawainiya da tsoho, yana raba rigimar gona da ta makiyaya, yayin da babanku ke yawon karatu. Ranar da za mu tafi kakanku ya kira babanku ɗaki ya ba shi rawaninsa fari. Ba sai an fassara wa kowa ba. Ni na naɗe shi a sabon zane na sa a saman kwaba a gidan da muka kama a unguwar Sri Petaling, kuma saboda danshin ƙasar can da ke sa takalmi ma ya yi fumfuna, nakan sauko da shi in shanya a inuwa. Ban taɓa kula da kayan lefena haka ba.

Ɗalibanmu na Arewa da ke can Yarima suke kiransa. Shugaban masu wannan hidima shi ne Malam Habu, ɗan ƙasar kakanku, magidanci da iyali, wanda ya zo karatun lissafin kuɗi. Malam Habu tun daga ƙasan bene yake cire takalmi, ya hau da su a hannu, maƙwabtanmu 'yan China suna leƙensa ta taga. Ba ya barin babanku ya ɗauki ko jarida. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana min daɗi, musamman in matan ɗalibai suka ce min Gimbiya, ni da ubana tela ne.

Ana haka sai ga Somsai. Wani ɗan siririn mutum ne ɗan Laos, mai yawan murmushi, ɗakin bincikensu ɗaya da babanku a makarantarsu ta Jalan Semarak. Da ya ji ana ta Yarima Yarima, ya tambayi ma'anarta, sai ya ce ai su ma suna da wani yarima injiniya, ya ba babanku labarinsa. An haife shi a gidan sarauta, ubansa na biyu ne ga sarki, amma uwarsa talaka ce. Ya je Faransa ya karanto ginin gada da hanya, ya dawo ya ga Turawa sun ajiye shi a ƙarƙashin waɗanda bai kamata ba, ya auri 'yar Biyetnam, ya juya wa fada baya ya shiga daji tare da 'yan kwaminis masu cewa kowa da kowa ɗaya ne. An taɓa ɗaure shi a kurkuku, ya yi ta yi wa masu gadinsa magana har suka buɗe ƙofa suka gudu tare da shi. Ya zauna cikin kogon dutse ana ruwan bama-bamai a kansa. Babanku ya dawo gida ranar nan ko tuwo bai duba ba.

"Kin ji? Injiniyan gada ne. Uwarsa talaka ce. Kamar da ni aka yi labarin."

Na ce, "To Allah ya jiƙan musulmi. Miyar tana hucewa."

Da na san abin da zai biyo baya da na ɗauki maganar da muhimmanci. Babanku ya kwaso littattafai a kan mutumin nan, ya ajiye na gada a gefe. Ba kwaminis ya zama ba, kada ku ji tsoro, sallarsa ba ta taɓa motsi ba, kuma shi da kansa ya ce abin da suka ce game da addini su riƙe kayansu. Amma ya kafa doka a gidanmu: ba Yarima, ba ranka ya daɗe, ba durƙuso. Sannan ya ce daga yau aikin gida na kowa da kowa ne. Ku sani, babu wahalar da ta kai a ce ɗan sarauta ya ƙudurta zama talaka, domin talakawan da ke kusa da shi su ke biya. Ya shiga kicin wanke-wanke ya fasa min tangaran ɗin da na taho da shi daga Kano. Ya yi wanki ya haɗa fararen kayanku na makaranta da jan ɗankwalina, kuka yi zango guda kuna zuwa aji kamar 'ya'yan biki. Ya je kasuwa sayen kuɓewa ya dawo da wani dogon abu mai ɗaci da ko Somsai sai da ya yamutsa fuska. Duk aikin da ya yi sai na bi bayansa na sake, kuma sai na yi masa godiya don kada gwiwarsa ta yi sanyi.

Abin da ya fi ba ni kunya ya faru a wani mamak da ke bakin layinmu, irin shagunan abincin nan na Indiyawa musulmi da ake jera kujeru har bakin titi. Ɗalibanmu sun saba haɗuwa can ranar Asabar da hantsi, mu mata muna tebur na gefe. Kullum akan ware wa babanku kujera mai hannu a bakin tebur. Ranar nan ya ce ba zai hau ba, ya jawo wata 'yar kujerar roba ta yara ya zauna. To kun san a wajenmu ba a zama sama da ɗan sarauta. Malam Habu ya dubi kujerarsa, ya dubi babanku, ya sulale ya tsuguna. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da babanku ya ga sun fi shi ƙasa, sai ya ture kujerar ya zauna a kan dakalin titi. Malam Habu ya rasa inda ya rage, sai ya sauka cikin kwata, Allah ya sa a bushe take. Manyan mutane, masu neman dokta da masu mata bibbiyu, ga su jere a ƙasa da kofin shayi a hannu, ga tebur da kujeru babu kowa. Mai shagon ya fito da tsumma a kafaɗa yana dube-dube, ya zaci kujerunsa ne suka yi wani laifi.

"Boss, kujera boleh, lah! Ƙalau take, a zauna, a zauna!"

Babanku ya ce, "Habu, don girman Allah ka tashi ka hau kujera. Ni da kai ɗaya ne."

Malam Habu ya ce daga cikin kwata, "Haka ne, ranka ya daɗe. Duk yadda ka ce."

Ni na ja mayafi na rufe fuska, na ce a yi min tapau, wato a ƙulle min abincina a leda, na kama hanyar gida.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai na ce bari in je tushen ciwon. Na sa babanku ya gayyato Somsai cin abinci. Na yi masa shinkafa da miyar gyaɗa, na bari sai da ya ci ya yi gumi, sannan na zauna daga bakin ƙofa na fara yi masa tambaya da ɗan Turancina, babanku yana cike min inda ya yanke.

Na ce, "Wannan yariman naku da ya bar fada, a ƙarshe me ya zama? Manomi?"

Somsai ya ce, "A'a, shugaban ƙasa ya zama."

Na juya na dubi babanku. Na ce, "Ka ji ko? Shi da ya bar ƙaramar kujera babba ya hau. Kai in ka bar taka me za ka hau, dakalin mamak?"

Somsai ya yi dariya har da ƙwarewa. Ya ce kakarsa har ta mutu in ta ga hoton mutumin sai ta sunkuyar da kai, kuma ba don shugabancin ba, don jininsa. Na ce ka gani, ba a sauya wa tuwo suna. Da na ga ina samun nasara sai na ƙara gaba, na tambaye shi sarkin nasu fa, ina ya shiga? Nan murmushin ya ɗauke. Ya ce bayan an rushe sarautar an kai sarkin wani sansani can cikin daji, bai dawo ba. Na ce to shi yariman ba shi da 'yan'uwa ne da za su yi masa faɗa? Ya ce yana da su. Akwai yayansa, uba ɗaya uwa daban, wanda ya shugabanci gwamnatin da shi yariman ke yaƙa. Shekaru masu yawa ɗaya yana birni ɗaya yana daji, a yi sulhu a warware, ana ta binne 'ya'yan mutane a tsakaninsu. Ya ce a ƙauyensu har yanzu akwai gonakin da ba a nomawa saboda bama-baman da ke kwance a ciki. Babanku bai fassara min wannan na ƙarshe ba, ni na tsinta da kaina. Ya ajiye cokali bai ƙara ci ba.

Daga ranar ya daina shiga kicin. Ya koma littattafan gada, ya daina yi wa Malam Habu faɗa a kan durƙuso. Na ce alhamdu lillahi, magani ya ci, har na yi sadakar ƙosai. Ban lura ba cewa ya fara yawan kiran baffanku Sani a waya, yana tambayarsa jikin tsoho, yana daɗewa yana sauraro.

Ba a jima ba Allah ya yi wa kakanku rasuwa. Kafin mu samu jirgi an riga an kai shi, kuma a lokacin babanku yana dab da kare bincikensa a gaban malamai, sai dattawa suka ce ya zauna ya karɓi gaisuwa a can tukuna. Na yi kuka, don tsohon ya riƙe ni kamar 'yarsa. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, tun ba a yi sadakar uku ba waya ta fara ruri. Dangin Inna suna cewa ya taho ya karɓi abin ubansa, dangin mahaifiyar Sani suna ta shiga suna fita a birni. Gari ya rabu biyu, har an fara daina gaisawa a masallaci. Sai ga labari cewa Madaki, ɗaya daga cikin masu ba Sarki shawara a kan naɗin hakimai, yana Kuala Lumpur ganin likitan ido, kuma zai zo mana ta'aziyya. Kowa ya san ba ta'aziyya kaɗai ta kawo shi ba, zuwa zai yi ya auna mutum.

Na zaunar da babanku na karanta masa darasi. A al'ada mai neman sarauta ba ya buɗe baki ya ce yana so. Zai zauna a kan darduma, ya rage magana, wani ya riƙa amsa masa gaisuwa, in baƙo zai tashi sai ya ba da wani abu ya ce a kai gaisuwarsa ga Sarki. Wannan ita ce neman. Na sayo turaren itace mai kyau na naɗe, na goge masa babbar riga, na sauko da rawanin.

Na ce, "Yini ɗaya tak nake roƙo. Kada ka ɗauki buta, kada ka ɗauki tire, kada ka ce wa Madaki ku ɗaya ne. In an gama ka koma wanke-wanke har tashin ƙiyama."

Ya ce, "Zan yi abin da ya dace."

Na ɗauka mun daidaita.

Ranar ta zo, komai ya tafi yadda nake so har ya wuce. Babanku ya zauna a kan darduma cikin farar riga, rawanin a ninke a gefensa, ya yi kwarjini kamar ba shi ne ya rina muku kayan makaranta ba. Malam Habu yana gefe yana amsa gaisuwa, ranar ce ranar da ya daɗe yana jira. Falo ya cika da ɗalibai har matattakala. Madaki, tsoho mai tsawo da bandeji a ido ɗaya, ya yi addu'a, yana ta ƙare wa ɗakin kallo da ɗayan. Ina bayan labulen kicin ina leƙe. Ana cikin haka sai ga Somsai ya shigo da ɗan kwandon shinkafarsu mai danƙo, ya zo yi wa abokinsa gaisuwar mutuwa. Su a al'adarsu ba a ratsa manya a tsaye, sai ya sauka a kan gwiwa tun daga ƙofa, ya haɗa tafukan hannu a goshi, ya ja jiki har gaban babanku. Madaki ya gyara zama.

"Ikon Allah! Har mutanen Sin sun yi mubaya'a?"

Malam Habu ya ce, "Kullum haka suke yi, ranka ya daɗe."

Ban taɓa son ƙarya kamar wannan ba. A raina na riga na fara zaɓen ɗakin da zan zauna a gidan hakimi.

Da aka ci abinci, Madaki ya yi gyaran murya ya ce gida ya yi sanyi, mutane suna tambayar yaushe babban ɗa zai zo ya hura wuta. Babanku ya ɗauki turaren ya miƙa, ya ce a kai gaisuwarsa ga Sarki. Na sauke ajiyar zuciya. Sai na ga ya kai hannu ya ɗauki rawanin, ya riƙe shi da hannu biyu, ya ɗora a gaban Madaki.

"Wannan kuma a kai wa Sani. A gaya wa Sarki ni da duk wanda ke tare da ni muna bayansa."

Madaki ya ce, "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Tsoho kai ya ba."

Babanku ya ce, "Ni ya ba, ranka ya daɗe, amma Sani ne ya ɗauke shi zuwa makewayi da ƙafafunsa suka ƙi. Sani ya san kowace gona da mai ita, ni gada na sani. In na zo nema, ko na samu ko na rasa, gari ya tsage ke nan, kuma jikokinmu su za su gaji tsagar. Na ga inda aka yi haka. Ba zan yi jayayya da ɗan ubana ba."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi, kowa ya ji ƙararsa. Malam Habu ya fashe da kuka kamar yanzu aka yi mutuwar. Somsai bai ji Hausa ba, yana ta murmushi yana miƙa wa mutane shinkafa. Madaki ya daɗe yana duban babanku da idon nan ɗaya, sannan ya sa rawanin a jakarsa, ya ce Allah ya yi albarka, ya tashi.

Abin ya ci mana da yawa, kada wani ya ce muku da sauƙi aka yi. Inna ta yi fushin da har muka dawo gida ba ta karɓar wayarsa, domin ita ta sha gorin rashin asali a gidan kakanku shekara da shekaru, tana jiran ranar da ɗanta zai share mata hawaye. Ta huce daga baya, amma ba ta koma masa kamar da ba har ta rasu, kuma wannan yana cinsa har gobe. Danginta suka nemi wanda za su ɗora wa laifi, suka samu 'yar tela. Matan ɗalibai suka koma kirana Maman Fati. Ni kuwa na yi kwanaki ba na yi masa magana sai ta bakinku, in ce ku gaya wa babanku abinci ya sauka, ku kuma ku juya ku faɗa masa da Turanci alhali yana zaune yana jina.

Ranar da aka naɗa baffanku, da safe ne a gida, mu kuma la'asar ta yi. Babanku ya yi alwala, ya sa hula, ya kira shi a waya. Ina zaune ina tsince shinkafa, ina yi kamar ba na ji. Da aka ɗauka, sai na ga ya zame daga kujera ya durƙusa a kan tayil, da wayar a kunne, a ɗakin da babu mai ganinsa sai ni. Ya ce wa ƙanensa, wanda ya goya a bayansa yana yaro, ranka ya daɗe, Allah ya taya riƙo. Daga can ban ji amsa ba sai shessheƙa, babban mutum da sabon rawani yana kuka yana cewa Yaya, Yaya, ka bari. Sun jima a haka. Sannan babanku ya miƙo min wayar.

Na dubi wayar, na dube shi. Duk abin da na ci buri a kai yana can a kan wani, kuma har yau in na wuce ƙofar gidan hakimi sai na ji wani abu ya ɗan soke ni, ba zan ce muku na zama waliyyiya ba. Amma na ajiye farantin shinkafar, na gyara ɗankwali, na sauko ƙasa kusa da babanku. Na karɓi wayar na ce wa Sani, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani. Da ƙyar ta fito, amma ta fito, kuma ban taɓa janye ta ba.